Ungozoma Ne

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ba don ban yi ƙoƙari ba. Na yi iyakar yina. Mutanen Mubi ne dai ba sa barin mutum ya manta da abin kunyarsa, balle a ce ya yi shi a gaban jama'a, da lasifika a hannu, majigi kuma na haska shi a bango.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan garin. Mahaifina Babarbare ne, fatauci ya kawo shi daga Borno, kuma har Allah ya karɓi ransa Hausarsa ba ta miƙe ba. Ni ne da na je karatu ƙasar Hausa na dawo da wata cuta: ba na iya jin an ce "mace ya zo" in yi shiru. Duk wanda ya san Mubi ya san mai irin wannan cuta ba zai huta ba. A nan mutumin Gude da na Kamwe da Bafulatani kowa yana da yarensa a gida, in an haɗu a waje sai a yi Hausa yadda ta sawwaƙa. "Ya" ɗin nan guda ɗaya shi ke ɗaukar namiji da mace da mota da akuya. Kowa na gane kowa, ana ciniki, ana ɗaura aure, ana faɗa a shirya. Ni kaɗai abin yake ci wa rai.

Matata, Maman Amira, ta fi kowa shan wahalata. Ta ce, "Malam, Adda ya zo ɗazu, ya bar maka gaisuwa." (Adda yayarta ce.) In ce, "Ta zo. Ta bar." Sai ta ce, "To, tun da ka gane ya zo ai shi ke nan." Mun daɗe a haka, ba wanda ya ci wani.

Ana nan sai na shiga aikin sa-kai a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya buɗewa ya rubuta ko ya gyara, a ɓangarensa na Hausa. Muna da 'yar ƙungiyarmu a Mubi, malamai da ɗalibai da ma'aikatan asibiti, mukan haɗu jefi-jefi mu yi rubutu a kan garuruwanmu da mutanenmu. Da farko abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ka rubuta abu a kan Kwaja ko Sorau, ka danna, nan take wani a ƙarshen duniya zai iya karantawa. Ban san daɗin nan shi ne zai zame mini ciwon kai ba.

Don kuwa yadda ni zan danna abu ya hau, haka kowa ma. Na taɓa tashi da safe na tarar wani ya shiga shafin kasuwar shanu ya liƙa tallar awakinsa a tsakiyar tarihin kasuwar. Wani ya rubuta cewa kawunsa ne ya kafa Kwaja, alhali kawun na nan da ransa yana facin taya. Wani kuma duk inda ya ga sunan ƙauyen su budurwar da ta ƙi shi sai ya ƙara "masu rowa" a gaba. In share yau, gobe ya dawo. Da datata nake yi, da lokacin da ya kamata in duba takardun ɗalibai, ba mai biya, ba mai cewa sannu. Na gaji. Irin gajiyar nan da ko ka kwanta ba ta sauka, wadda ke sa mutum ya fara ganin kowa a matsayin maɓarnaci.

Shi ya sa da aka kawo shawarar tantancewa na ji kamar don ni aka kawo ta. Shawarar ita ce, duk gyaran da aka yi kada ya bayyana ga masu karatu sai wani amintacce ya duba ya amince. Aka ce kowace ƙungiya ta zauna ta faɗi matsayinta, in ta yarda kuma ta ba da sunan mutum ɗaya da zai riƙa duba abin da ya shafi yankinta. Ba zan ɓoye muku ba, wannan sunan nake so ya zama nawa. Har na fara tunanin yadda zan faɗa wa Maman Amira, da irin fuskar da zan yi ta wanda aka ɗora wa nauyi ba da son ransa ba.

Mutum ɗaya ce ta tsaya mini a hanya, Madam Kuve. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Michika, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi mu duka yawan rubutu. A lokacin hutunta na asibiti take yi, da waya, da babban yatsa ɗaya. Sai dai Hausarta ta Mubi ce tsantsa, kuma ba ta jin kunyar hakan. Ita ta ce ba ta yarda a sa wa kundin ƙofa ba.

Da safiyar ranar taron na zauna neman misalin da zan kafa hujja da shi. Ban sha wahala ba. Madam ta ɗora sabuwar maƙala a daren jiya, ga layin farko: "Kwada ungozoma ne da ya yi aiki a ƙauyukan Michika." Na yi dariya ni kaɗai har Maman Amira ta leƙo. Ungozoma ne! Ungozoma da "ne"! Ga shi kuma na san Kwada, akwai wata mai wannan suna da ke soya ƙosai a bakin makarantarmu, mace kamar kowace mace. Ban ƙara karanta ko layi ɗaya ba. Na rufe kwamfuta na ce a raina sauran ma a gaban jama'a zan karanta, ya fi armashi.

A wani ajin makarantarmu aka yi taron. Da muka je janareta ya ƙi tashi, ni kuma da yake majigin nawa ne ya fi damuna, sai na fita na yi ta fama da igiya a bayan ajin. Ina can ina zufa shugabanmu Malam Buba ya buɗe taro, ya gabatar da baƙi. (Ku riƙe wannan, a nan aka yi jana'izata ban sani ba.) Da na shigo ina warin fetur, na ga wani dattijo a kujerar gaba, dogo, sanye da tsohuwar kwat mai ruwan toka, ya ɗora hannuwa biyu a kan sanda. Na ɗauka fasto ne aka gayyato don addu'a. Na rusuna na gaishe shi, ya amsa da fara'a, na wuce.

Madam Kuve ce ta fara magana. Ta ce, "Ni maganana kaɗan ne. Yarinya zai sayi data da kuɗin abincinshi, ya rubuta abu a kan ƙauyensu, sai a ce ya jira. Ya jira wa? In sati ya wuce bai ga komai ba, ba zai dawo ba. Kuma wanda za a ba ƙofan nan, mun san irinsu. Masu Hausan littafi ne. Za su duba bakinmu ne, ba za su duba maganan da muka kawo ba. Mun rubuta mayo, an goge an sa kogi, sai ka ce ba mu san sunan ruwanmu ba. To shi mai duban, wa zai duba nashi?"

Aka tafa mata. Ni ma na tafa, irin tafin nan na yatsu biyu. (Maganar mayo da ni take. Ni na goge.)

Sai aka ba ni lasifika. Na kawo labarin mai awaki, aka yi dariya. Na kawo na kawun da ya kafa Kwaja, aka ƙara yi. Na ji ajin ya dawo hannuna, kaina ya fara girma. Da na tsaya a nan da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma na ce, "Ba ɓarna kaɗai ce matsalarmu ba. Akwai masu kyakkyawar niyya da ke jawo mana dariya a idon Hausawa. Bari ku gani da idonku."

Na buɗe maƙalar, ta fito ɓaro-ɓaro a bango. Na karanta layin farko da ƙarfi, ina jan "ne" ɗin. Ajin ya yi tsit. Na ɗauka shirun girmamawa ne.

Na ce, "Jama'a, ungozoma mace ce. Kalmar kanta mace ce. Wannan baiwar Allah ta yi wa al'umma hidima, sakayyar da za mu yi mata ke nan, mu liƙa mata gemu?" Na goge "ne" na sa "ce". Na goge "ya yi aiki" na sa "ta yi aiki".

Malam Buba ya ɗan miƙe daga kujerarsa ya ce, "Malam, da dai ka..."

Na ce, "Shugaba, da ana magana ban katse kowa ba. A bar ni in ƙarasa."

Ya koma ya zauna, ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Na ci gaba, layi bayan layi, ina karantawa a lasifika ina gyarawa. An haife shi, an haife ta. Ya karɓi haihuwa, ta karɓi haihuwa. Ya yi ritaya, ta yi ritaya. Na lura Madam ta rufe baki da hannu, na ce a raina kunya ce ta kama ta, har na ɗan tausaya mata. Na lura ɗaliban da ke baya sun kifa kai a kan tebur kafaɗunsu na rawa, na ce dariyar Hausar Madam suke yi. Duk alamar da Allah ya aiko mini a ranar sai da na fassara ta a kan son raina.

Can ƙasa na zo wani layi: "Matansa ya rasu bayan ya bar aiki." Ko a nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Maimakon haka na ce, "Kun ga inda abin ke kaiwa? An rikita jinsi har an ba mace mata. Tun da an ce ya rasu, ai miji ake nufi." Na goge. Na rubuta, "Mijinta ya rasu."

Sannan na danna maɓallin wallafawa, na juyo na fuskanci jama'a, na buɗe hannuwa. Har yau ina jin muryata a kunnena. Na ce, "Kun gani? Na danna, ya hau. Duk duniya na karantawa yanzu. Ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne, ba wanda ya tambaye ni ko na san abin da nake yi. To da mahaukaci ne ya yi wannan fa?"

Sai kuma na ji sanda ta daki siminti, dattijon nan na kujerar gaba yana miƙewa a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Da ya gama miƙewa ya fi ni tsawo.

Ya ce, "Ɗana, ni ne Kwada."

Na dubi bango, na dube shi, na sake duban bango. Ga gemunsa fari fat, wanda na gama cewa an liƙa masa.

Ya ce, "Ka maida ni mace, ban damu ba. Na yi rayuwana cikin mata, an kira ni abin da ya fi wannan. Amma matana Saratu, don Allah ka bar shi yadda yake. Shi mace ne. Ka maida mini shi."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba, roƙona ma ya yi. Waɗanda ke dariya a baya suka daina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Baba, ai... a nahawu..." Allah ya taimake ni na tsaya a nan.

Ashe Madam ce ta ɗauko shi takanas daga Michika. Shi ya karɓi haihuwarta, da ta wasu mutum biyu ma da ke zaune a ajin. Ta kawo shi ne ya ji an karanta tarihinsa a gaban jama'a tun yana da rai, a kuma ɗauki hotonsa a ɗora a shafin. Duk an faɗi wannan lokacin da nake bayan aji ina jan igiya. Daga baya ne kuma ta yi mini bayani, cikin haƙurin da ya fi mari ciwo, cewa a wurin Kamwe, mutanen Michika, suna yana bin jerin haihuwa ne, kuma Kwada sunan na takwas ne, namiji ko mace. An haife ni a Mubi, na girma da 'ya'yan Michika, na koyar da ɗaruruwansu, ban taɓa tambayar ma'anar sunan ko ɗaya ba. Bakinsu kawai nake saurare in ji inda za su yi kuskure.

Na juya ga kwamfuta don in mayar da komai yadda yake. Abu ne na dannawa ɗaya. Na danna, ƙwallon jiran nan na kan allo ya shiga juyawa. Sabis ya ɗauke. Duk mai zama a Mubi ya san ba ya ɗaukewa sai ranar da ka fi bukatarsa. Na ɗaga waya sama, na je bakin taga, wani ɗalibi ya ba ni tasa, ita ma shiru. Kira ne kawai ke shiga, kuma ya shigo, a wayar Madam. Ɗan Baba Kwada ne daga Yola, wanda ta tura wa shafin tun da safe, shi kuma ya watsa wa dangi. Ba a lasifika ta sa shi ba, amma duk ajin ya ji: "Anti, wane ɗan iska ne ya taɓa shafin Baba?"

Madam ta dube ni ta ce, "Ana kan gyarawa," ta kashe.

Malam Buba ya mayar da tabaransa ya ce, to, yana ganin an tattauna sosai, a kaɗa ƙuri'a. Masu goyon bayan tantancewa su ɗaga hannu. Ajin gaba ɗaya ya ɗaga. Madam Kuve, wadda ta zo don ta yaƙi shawarar, ita ta riga kowa, hannunta har yana neman taɓa silin. Na yi nasarar da ban taɓa mafarkin irinta ba, ban kuma taɓa jin nasara mai ɗaci haka ba. Da aka zo ba da suna wani ya ce Madam Kuve. Malam Buba ya ce, "Akwai mai wani sunan?" Ya yi ƙoƙari ƙwarai kada ya dubi inda nake. Ba kowa. Ni ma na ɗaga mata hannu, da me zan fasa?

Da aka tashi na sami Baba Kwada a inuwar dalbejiya yana jiran a kawo masa abin hawa. Na durƙusa har ƙasa na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi kada in ɓata wandona. Ya ce a zamaninsu shi kaɗai ne ma'aikaci a ƙaramin asibitin ƙauyen, in naƙuda ta zo da gardama ba wata mace da za a kira, shi ya sa ya koya. Maza suka sa masa suna Mama Kwada, har a wurin shan shayi ba sa matsa masa ya zauna.

Ya ce, "Saratu ne yake dafa mini ruwan zafi, yake riƙe matan. Duk garin shi kaɗai bai taɓa mini dariya ba. Shi ya sa na tashi, ɗana. In don ni ne da na bar ka ka gama."

Sai bayan la'asar sabis ya dawo, Madam ta mayar da shafin yadda ta rubuta shi. Wato yinin ranar cur Baba Kwada ya yi shi yana mace mai takaba a idon duniya, da sa hannuna a ƙasa. Kafin in isa gida labarin ya riga ni. Har yau in na ratsa kasuwa akwai mai ɗaga murya ya ce, "Malam, ne ko ce?" Mai ƙosan bakin makaranta ma, ita Kwada ta ainihi da ta jawo mini, ta ce in zan rubuta nata tarihin don Allah in bar ta a mace.

Daga baya tsarin ya fara aiki, aka soma da shafukan mutanen da ke raye. Gyaran farko da na tura a ƙarƙashinsa layi ɗaya ne: "Matarsa Saratu ta rasu bayan ya bar aiki." Ya zauna yana jiran Madam ta sauko daga aiki, ni kuma ina ta leƙa waya kamar ɗalibi mai jiran sakamako. Da ta amince sai ta turo mini saƙo: "Wannan kam daidai ne. Ka tambaya?" Na ce na tambaya.

Har yanzu ina share tallar awaki, har yanzu a gajiye nake, kuma ban fasa ganin cewa kundin na bukatar ƙofa ba. Abin da ban sani ba a da shi ne wane gefen ƙofar ya kamata in tsaya. Na dai koyi cewa kafin ka gyara wa mutum "ya" ɗinsa, ka fara tambaya ko na wane ne, don wani lokacin mai shi na zaune a gabanka da sanda.

Ranar nan ina zaune a tsakar gida Maman Amira ta leƙo ta ce, "Malam, Adda ya zo." Bakina ya buɗe da kansa, tsohon hali. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Ko za ka fita ka duba tukuna?"

Na ce, "A'a. Ce masa ya shigo."